Daga ayarin fatake zuwa tirela: magana ga matanmu masu son tuƙin babbar mota

 Maganar yau ta manyan motoci ce, kuma da mata nake, musamman ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka fara tambaya ko mace za ta iya cin abinci da tuƙin kamiyo. Na san akwai wanda tun daga nan ya ja tsaki, ya ce yaushe aka taɓa ganin haka a ƙasar nan. To a yi haƙuri, mu bi hanyar tun daga farkonta, don tarihin hanyar da kansa yana da abin faɗa, kuma shawarar da zan bayar daga cikinsa ta fito.

Kwaltar nan da ta taso daga Damagaram ta ratsa Bande da Magarya ta gangara Tinkim, ta shiga Najeriya ta nufi Babura da Kano, wani yanki ne na babbar hanyar da aka tsara ta haɗa birnin Aljes da Legas, ta Tamanraset da Arlit da Agadas. Amma tun ba a san kwalta ba ƙafa ta riga ta fitar da ita. Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, kayan Tarabulus da Gat suna sauka a Zangon Damagaram, daga nan su yi kudu. Kanwa da gishirin mangul na ƙasar Manga da Muniyo su ma ta ƙasashen nan namu suke bi a kan jakai da takarkarai zuwa kasuwannin Kano, a dawo da tufafi da goro. Iyakar da muke nuna takarda a kanta yau, Faransa da Ingila ne suka shata ta, aka kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908. Hanya ta girmi iyaka nesa ba kusa ba.

To su wa ke cikin ayarin? A nan ne mutane da yawa ke zaton maza ne zalla. Wani Baturen Ingila mai suna Kilafaton ya ci karo da ayarin Hausawa a garin Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, sun taso daga Gwanja da goro za su gida. Ya rubuta cewa mutanen sun haura dubu, maza da mata, ga dabbobin kaya kusan yawansu. Matan nan da kaya a kansu suke tafe, tafiyar watanni. Kar a ɗauka daɗi suke ji: a cikinsu akwai bayi, akwai masu dako don lada, akwai matan fatake masu dafa wa ayari abinci suna ɗan kasuwancinsu a gefe. Amma dai suna kan hanya, kuma ba wanda ya ga abin a matsayin baƙon abu.

Akwai ma waɗanda suka yi suna da dukiyarsu ta kansu. Mahaifiyar Alhasan Ɗantata, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce ta hanyar Gwanja. Bayan rasuwar mijinta ta tafi Akara ta zauna tana sana'arta, har ɗan nata ya girma a Bebeji ya bi sawunta ya same ta can. Wannan ɗa shi ne ya zama babban mai sayen gyaɗa na Kano kafin rasuwarsa a 1955, kuma daga zuriyarsa ne, ta wajen uwa, Aliko Dangote ya fito. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya sa mace ta iya wannan tafiya shi ne tsarin ayarin. Akwai madugu, wanda duk wata magana da sarakunan hanya da kuɗin fito a wuyansa take. Akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. In an sauka, a zango ake sauka, wurin mai masauki sananne wanda ke ajiye kaya ya haɗa ciniki. Mace ba ita kaɗai take ba, tana cikin danginta ko mutanen garinsu, ana san inda za a kwana tun ba a tashi ba. In aka taɓa ta, madugu aka taɓa.

Mota ce ta rushe wannan, kuma gyaɗa ce ta kawo mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka buɗe baki suna neman gyaɗa, ƙasar Magarya da Matamaye kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Da farko raƙuma da jakai ke kai ta Kano. Sannu a hankali kamiyo ya karɓe aikin. A shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro wani shiri da suka sa wa sunan tsattsewa da harshensu, inda motoci ke kwasar gyaɗa zuwa Faraku ta ƙasar Dahome, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano, motocin su dawo da kayan kanti don kar su juyo fanko. Bayan 'yancin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa SNTN a 1963. A nan Magarya ma an yi masana'antar matsar man gyaɗa ta SEPANI, dattawanmu suna tuna ta. Fari na 1973 da cutar da ta bugi gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki, amma motocin ba su koma ba, sai suka juya kan dabbobi, wake, hatsi, siminti da mai.

Wani ɗan abu da matasa ba su sani ba: kafin watan Afrilu na 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya. Direban da ya taso daga Magarya a hannun dama, yana ƙetare iyaka sai ya koma ɗaya hannun. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin natsuwar da aikin ke nema tun asali.

Yaya aka yi mata suka ɓace daga hanya a wannan zamani, alhali su ke noma gyaɗar a gamanarsu, su ɓare ta, su matse mai su yi ƙuli-ƙuli? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki. Tsofaffin motocin Berliet da Bedford da Marsandi mai bodin katako, sitiyarinsu sai an sa ƙirji, wasu ma da hannu ake murɗa su kafin su tashi. Amma a ganina babban dalilin shi ne yadda ake koyon aikin. Ba makaranta ake shiga ba. Yaro ne ake miƙa wa direba ya zama karen mota, ko aparanti kamar yadda muke cewa. Shekaru zai yi yana wanke mota, yana sa weji a bayan taya, yana ɗaure tamfol, yana kwana ƙarƙashin mota a tasha, yana shan zagi, kafin wata rana ubangidansa ya ce matsar da ita gaba kaɗan. Wane uba ne zai miƙa 'yarsa ga wannan rayuwa? Zango ya zama tasha, tasha kuwa ba ta da madugun da zai tsaya wa mace. Matan da suka rage a wurin su ne masu tuwo da masu fura, har ma aka riƙa yi wa duk macen da aka gani a tasha da dare wani irin kallo.

Sai dai fa matanmu ba su daina hawa manyan motoci ba. Baya suka koma, saman kaya. Duk wanda ke ƙasar nan ya san matan da ke tafiya Aljeriya da yara. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinto gawarwakin mutum 92 a cikin sahara kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, akasarinsu 'yan yankin Kance, maƙwabtanmu na jini. Motoci biyu ne suka ɗauko su daga Arlit, suka lalace a hanya, ƙishirwa ta gama da su. Duk lokacin da wani ya ce min hanya ba wurin mace ba ne, wannan ranar nake tunawa. Hanyar ta riga ta ci matanmu suna fasinja, ba su san komai game da injin da ya mutu a gabansu ba, ba su da ta cewa kan ruwan da aka ɗauka ko lodin da aka yi. Ban ga dalilin da zai sa a yarda mace ta zauna saman buhuna a hana ta zama inda ake yanke shawara ba.

Kuma an riga an yi. Daga Mashi ta jihar Katsina, garin da ba shi da nisa da iyakarmu, aka samu Hajiya Rabi Abubakar Mashi, wadda jaridun Najeriya suka yi ta ba da labarinta tana jan tirelar siminti ta kamfanin Dangote. Bahaushiya ce kamar ku, da mayafinta. Ku duba yadda abin ya zagayo: motar zuriyar Amarya bafatakiya, mace ke jan ta. A Gana kuma akwai kamfanin Ladybird Logistics da ya fara aiki a 2018, direbobinsa mata ne, suna kai mai da tankoki zuwa wuraren haƙar zinari. Abin lura a nasu shi ne ba su bi ta hanyar karen mota ba. Horo aka ba su a tsare, rukuni guda, aka ba su motoci sababbi, aka san inda kowace za ta tashi da inda za ta tsaya. Wato sun sake gina ayari ne da madugunsa, sai dai da injin.

Daga nan shawarata take farawa. 'Yar uwa, kafin ki nemi mota ki nemi wanda zai tsaya miki. Motocin yanzu, DAF ne ko Howo ko Marsandi, sitiyarinsu mai ke taimaka masa, birkinsu iska ce, matsalar ƙarfi ta ragu ƙwarai. Abin da bai ragu ba shi ne wa zai koya miki, ina za ki kwana, wa za ki kira in jandarma ko ɗan duwan ya riƙe ki a shinge da magariba. In a gidanku akwai direba, uba ko wa ko miji, kin fi kowa sa'a, ta nan za ki fara. In babu, ki nemi dattijon direba wanda aka san gidansa da iyalinsa, iyayenki su je su same shi da kansu, a yi magana gaban shaidu da shugabannin sandikan direbobi. Kar ki yarda da koyon ɓoye. Wanda ya ce zo in koya miki amma kar kowa ya sani, ba tuƙi yake nufi ba.

Maganar muharrami ba abin tsallakewa ba ce, kuma ba ni ne zan yanke ta ba, ki kai ta gaban malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan ce kawai, aikin kansa ya bar ƙofa. Babbar mota ba ta tafiya da mutum ɗaya, dole akwai aparanti. Me zai hana aparantin ya zama ƙanenki ko ɗanki? Kin samu abokin tafiya, shi ya samu sana'a, kuɗin ya tsaya a gida ɗaya. Sannan ba kowane tuƙi ba ne na Kwatano ko Lome. Akwai tifa mai ɗibar yashi da tsakuwa, akwai motar ruwa, akwai jigilar Magarya zuwa Damagaram da ake zuwa a dawo rana ɗaya, akwai kai dabbobi da wake kasuwar Maigatari ranar Alhamis ta ɓangaren Dungas. Nan ya kamata sabuwar direba ta yi shekarunta na farko, inda kowane shinge an san 'yar wace ce. Doguwar hanya ba gudu za ta yi ba, kuma lokacin da iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka koma bi ta Burkina da rakiyar soja, ko tsofaffin hannu da addu'a suke shigarta.

Sai permi. Akwai na ƙaramar mota, B, akwai na babbar mota, C, akwai na mai jan tirela, E. Ki bi su daki-daki ta makarantar tuƙi, ki zauna jarrabawa da kanki. Na san ana sayen takarda, kowa ya sani. Amma namiji in ya yi hatsari sai a ce tsautsayi, ke kuwa in kika goge bangon wani sai a ce ai dama mace ce, a rufe ƙofar ga duk masu zuwa bayanki. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, don haka ki iya fiye da yadda takardar ta ce. In kuɗin makaranta ya yi nauyi, adashi ya saya wa mata da yawa saniya da keken ɗinki, zai iya sayen wannan ma. Kuma ki dage da karatu ko da na yaƙi da jahilci ne, don kart giriz, asiransi, takardar bizit da takardar kaya duk sai kin karanta su da idonki kafin ki sa hannu.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne gareji. Ki samu wata biyu ko uku kina zama wurin bakanike kina kallo kina tambaya. Birkin babbar mota da iska yake aiki, in agogon iska bai hau ba ba a motsa mota, ko mai kaya yana ihu. Tankunan iskar suna tara ruwa, ana zubar da shi. Kowace safiya a zagaya mota a duba tayu da notuna, mai, ruwan lagireto da fitilu. A gangara da ƙaramar giya ake sauka, wanda ya dogara da taka birki kaɗai zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. Lokacin bazara kwalta na dafa taya, sai a rage gudu a riƙa tsayawa tana hucewa. A hanyoyinmu na yashi ana rage iskar taya kafin a shiga, a kuma tafi da shebur da faranti na ƙarfe. Ruwan sha kuwa ki ɗauki fiye da abin da kike zaton za ki buƙata, kullum, ko tafiyar ta kusa ce.

Lodi shi ne inda za a fi gwada ki. Mai kaya zai ce ƙara buhu ashirin, kamasho zai ce ɗora mutum goma a sama, kuma za su fi matsa miki don suna ganin mace ba ta iya cewa a'a. Ƙasashen UEMOA sun yi doka tun 2005 kan nauyin da kowane gatari na mota zai ɗauka, amma ko ba doka, mota mai dogon lodi ita ce ke kifewa a kwana, kuma direba ake kamawa, ba mai kaya ba. Haka nan ƙullin da wani zai ba ki a tasha ya ce miƙa wa wane a gaba: in ba ki buɗe kin gani ba, kar ya hau. Mutane nawa ne ke kaso saboda kwalin ƙwaya da ba nasu ba? Ita ƙwayar ma, tiramol da 'yan uwanta da wasu ke sha wai don hana barci, kar ki kusance ta. Barci in ya zo a faka a yi shi.

Tankar mai kuwa aji ne na daban. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a Nuwamban 2011 aikin siterni ya yawaita a jiharmu, kuma yana da kuɗi, shi ya sa idon matasa ke kansa. Amma mai ruwa ne, yana tangaɗi a cikin tanki, in kika taka birki ya turo ki gaba, in kika sha kwana ya ja ki gefe, musamman in tankin bai cika ba. Mun ga abin da ya faru a Yamai kusa da filin jirgi a watan Mayun 2019, inda sama da mutum 50 suka ƙone, da na Majiya a jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda aka rasa sama da 150, yawancinsu masu kwasar man da ya zube. Direban siterni dole ya san yadda zai kashe mota, ya kori jama'a, ya kira hukuma. Wannan ba aikin shekarar farko ba ne.

Akwai kuma abubuwan da maza ba sa tunawa don ba su dame su ba. Yawancin tashoshinmu ba su da bayi mai ƙofa, sai ka ga mace ta ƙi shan ruwa yini guda don kar ta matsu, alhali wannan ke jawo ciwon mara da na ƙoda a zafin ƙasar nan. Ki sha ruwanki, ki tsara tsayawarki a gidan mai ko gidan da kika sani. A kowane gari da kike bi ki yi uwar ɗaki, ko mai tuwon tasha ce, wadda za ki yi salla ki yi wanka a wurinta, ta san ranar zuwanki, in ba ta gan ki ba ta tambaya. Wannan shi ne mai masauki na zamanin fatake. Ƙofar mota a kulle in kin kwanta, waya da caji, kuma wani a gida ya san inda kika kwana kowane dare.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a tayar da mota: albashi ne ko kaso, nawa ne kuɗin hanya, wa ke biyan tara, wa ke biyan taya in ta fashe, me za a yi in iyaka ta rufe mota ta yi wata a tsaye. Wannan na ƙarshen ba tatsuniya ba ce. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo direbobi da aparanti ne suka fara jin yunwa. A rubuta yarjejeniya, ki riƙe kwafinki, ki kuma ware wani abu duk tafiya don irin wannan rana.

Ga masu motoci na Magarya da Dungas da shugabannin sandika kuma, ku ma da ku nake. In yarinya ta zo da permi na gaskiya da mahaifinta a gefe, ku gwada ta a fili kamar yadda kuke gwada kowa: ta yi baya da tirela ta shiga tsakanin duro biyu, ta canza taya da aparantinta, ta nuna muku inda ake zubar da ruwan tankin iska. In ta kasa ta koma ta ƙara koyo. In ta iya, a ba ta tifar yashi ta fara da ita.